Shekarar da Dila Ya Tone Gashin Umma

Ku 'ya'yana da ban haifa ba tukuna, waɗanda ko ubanku ban sani ba, ku matso ku ji. Na san tarihin rayuwa sai wanda haƙoransa suka zube yake rubutawa, ni kuwa shekarata goma sha bakwai. Amma duk wanda ya yi shekarar da zan ba ku labarinta a gidanmu na Barking, ya cancanci sanda da kujerar tsofaffi a jirgin ƙasa na District line. Na ce gara in rubuta tun yanzu, don na san halin kakanninku. Idan kuka tambayi Umma yadda ta bar aikinta na farko a London, za ta gyara ɗankwali ta ce lokaci ne ya yi. Abba kuma zai ce dila ne ya kore ta, ya yi ta dariya har ya sarƙe. Babu mai ƙarya a cikinsu, sai dai babu wanda zai faɗa muku abin da ke tsakiya. Ni Jidda, ni ce na riƙe matajin, don haka ni zan faɗa.

Ina da shekara goma muka baro Kano. Abba ya riga mu zuwa, yana tuƙa jar bas mai bene, Umma kuwa, wadda ta yi aikin nas a gida har ana kiranta Sista Rakiya, ta samu aiki a wani gidan kula da tsofaffi. Abin da ya fara ba ta wahala a ƙasar nan ba sanyi ba ne, kitso ne. A Kano ka leƙa katanga ka kira mai kitso. A nan sai an yi booking kamar za a ga likitan haƙori, a ce ki zo Plumstead ranar kaza, ki je ki tarar an yi cancel. Sai Umma ta ce tunda Allah ya ba ta 'ya mai dogayen yatsu da dogon harshe, gara yatsun su yi amfani. Haka na zama mai kitson gida. Duk ranar Lahadi bayan azahar sai ta shimfiɗa darduma a falo, ta zauna tsakanin gwiwoyina, in ɗauki kibiya in tsefe, in taje, in yi mata shuku ko kalaba. A lokacin gashin Umma, wallahi idan na tsefe shi sai mun kunna fitila, don yana tare hasken taga. Na taɓa ɓatar da kibiya a ciki, sai Lahadi ta gaba na same ta.

Akwai dokar da Umma ta gada wurin kakata, kuma ta hau jirgi da ita: gashin da mataji ya ciro ba a zuba shi a shara. Sai a tattara, a dunƙule, a binne. Wasu sun ce don kada maƙiyi ya samu ya kai wa boka, wasu sun ce don wani yanki ne na ɗan Adam, ƙasa ce ta dace da shi. Umma ba ta zaɓi ɗaya ba, duka biyun ta riƙe. A bayan gidanmu akwai ɗan filin da bai fi tabarmar sallah uku ba, wanda mai gidan haya ke kira garden ba tare da jin kunya ba. A can ƙarshensa Umma ta shuka na'a-na'a, kuma a gindinta muke binne gashi. Ni ce mai haƙa, da tsohon cokali. Shekara da shekaru abin da nake binnewa bai fi girman goro ba.

A shekarar da nake faɗa muku, goro ya zama ƙwai, ƙwai ya zama lemo. Na fara lura ne da goshi, inda kitson ya daina kamuwa, sai kuma tsakiyar kai, inda fata ta fara leƙowa tana gaishe ni. Wata Lahadi na ja mataji a hankali, kamar mai shafa kan jariri, amma abin da ya biyo shi ya ishi a yi wa 'yar tsana kitso. Na ɗaga na nuna mata.

“Umma, ko dai kin fara rabon gado tun da ranki?”

“Ke dai bakinki ba ya azumi. Canjin ruwa ne.”

“Shekara bakwai muna shan ruwan nan, sai bana ya tuna da ke?”

“Dunƙule ki kai ƙasa. Kuma kada in ji a bakin Abbanki.”

Ban faɗa ba. Kuma ba wuya a ɓoye wa Abba, don shi yana fita ita tana shigowa, kamar rana da wata, ga shi Umma ko barci da ɗankwali take yi. In barcin ya samu ke nan. Da safe sai na tashe ta sau uku, ta zauna bakin gado tana kallon takalmanta kamar sun ci mata amana. Da yamma kuma, lokacin da jikin kowa ke saki, ita a lokacin take miƙewa: ta goge kicin ɗin da ta riga ta goge, ta leƙa wayarta, ta ajiye, ta sake leƙawa. Ko cokali ya faɗi sai ta zabura. Ka tambaye ta ya aiki, ta ce alhamdulillahi. Kalmar nan ta sha wahala a gidanmu a shekarar nan.

Amma mace idan kanta yana kan cinyar mai kitso, bakinta yakan buɗe da kansa, tunda ba ido take kallo ba. A haka na tsinci labarin, guntu-guntu. Akwai masu kiranta Grace, sunan wata 'yar Ghana da suke aiki tare, alhali Grace ta ninka Umma tsawo kuma ba ta ɗaura ɗankwali. Akwai 'yan matan da ita ta koya wa yadda ake juya tsoho a gado, yanzu su ke gaya mata inda za ta tsaya. Duk wannan ta ce ba komai. Abin da ya zama komai shi ne maganar ƙofa.

Akwai wata tsohuwar Baturiya a gidan, Doris, wadda ciwon mantuwa ya cinye mata sunayen kowa har na ɗanta. Ba ta karɓar abinci a hannun kowa sai na Umma, ba ta yarda kowa ya yi mata wanka sai Umma. Wata rana ɗan ya zo ziyara, ya tarar da ƙofar ɗakin a rufe, ya buɗe, ya ga baƙar mace da ɗankwali tana goge wa uwarsa jiki. Kai tsaye ofishin manaja ya wuce. Washegari manajar ta kira Umma, ta ba ta shayi, ta yi mata murmushin nan nasu da ba ya kaiwa ido, ta ce daga yau in za ta shiga wurin Doris ta bar ƙofa a buɗe. Wai don a kare ta ne ita kanta, kada ta ɗauka da zafi. An gaya wa Grace ma. Agnieszka, 'yar Poland da ke aiki tare da su, ba wanda ya gaya mata komai.

“To, ai sai Agnieszka ta riƙa yi mata wankan,” na ce.

“Ba ta yarda. Ihu take yi har sai na zo.”

“Kenan a buɗe kike yi mata? Ana wucewa?”

“Nakan juya bayana ga ƙofa, in tsaya yadda zan kare ta. In ɗaura tawul a kafaɗata in baza. Tsohuwa ce fa, ta haifi ubanki. A ce mai gyaran fitila yana wucewa yana ganin tsiraicinta saboda launin fatata?”

 Ranar ne na gane cewa tun lokacin Umma da rabin jikinta take aiki, ɗaya rabin yana sauraron takun mutane a baranda.

A makaranta kuwa, a daidai wannan zangon, malamin biology ya kawo mu kan wani sinadari da jiki ke fitarwa idan ya hango haɗari, kotisol. Ya ce da safe yakan tashi sama don ya tashe ka, da yamma ya sauka don ka huta, kamar mai gadin da ya san lokacin buɗe ƙofa da lokacin rufewa. Na dawo gida da ilmi yana yi mini ƙaiƙayi. Na ce Abba kotisol ne ke sa shi faɗa da rimot, na ce butar shayi ma tana da shi, shi ya sa take ihu. Umma ta ce, “Kun ji ta, boko ya fara taɓa ta.” Na yi dariya tare da su. Ban haɗa darasin da matajin ba. Ni a zatona haɗarin da malam ke nufi zaki ne, ko gobara, ba murmushi da kofin shayi ba.

Umma ta nemi magani irin nata. Ta tuna a gida man shanu ake shafa wa kan da ya raunana, sai ta sayo na kanti, ta narka, ta tace, ta zuba a kwalba. Duk Lahadi in lafta mata shi har gidan ya riƙa ƙamshin tuwon biki. Na taɓa shiga aji wata ƙawata ta tambaye ni wa ke soya wani abu. Gashin bai fasa zuba ba, sai dai yanzu yana zuba da maiƙo, ni kuma ina kai shi gindin na'a-na'a da mansa da komai. Abin da ba mu yi tunani ba shi ne muna da maƙwabci mai hanci. Turawa suna ce masa fox, Abba ya ce dila ne da ya samu takardar zama. A Barking sun fi 'yan sanda yawa, kuma sun fi su sanin unguwa.

Wata Asabar, gari ya waye, Abba ya fita bayan gida zai jawo kwandon shara. Sai muka ji salati, irin wanda ake yi idan an ga gawa. Na fito a guje, Umma tana bayana. Abin da muka gani, ko a fim ban taɓa gani ba. An tone gindin na'a-na'a, an watsa ƙasa, kuma ko'ina gashi ne: dunƙule-dunƙule a kan ciyawa, a jikin katanga, wani ya maƙale a igiyar shanya yana lilo. Gashi ba ya ruɓewa da wuri, wannan ma darasi ne da na koya a ranar. Na wata da watanni ne duk ya fito ya sha iska. Abba yana tsaye a tsakiya da jallabiya da silifas, ya ɗaga ƙafa ɗaya don kada ya taka.

“Innalillahi! Hajiya, kada ki matso! Jidda, koma ciki! An yi mana aiki. Har London? Har London suka biyo mu?”

“Abba, su wa?”

“Ina na sani! Wanda ya binne wannan ba da alheri ya binne ba. Ba ni wayata in kira Malam a Kano.”

Na kalli Umma. Tana riƙe da bakin ƙofar kicin, fuskarta ta zama kamar ta wanda aka kama yana kuka a kasuwa. Harshena, wanda bai taɓa neman izinin kowa ba, ranar ya zauna ya naɗe hannu. Sai ga wata murya daga saman katanga. Anti Ladi ce, maƙwabciyarmu, 'yar Jos, likita ce da ta kusa ritaya, tana sanye da rigar barci da kofin shayi a hannu. Ita da Umma ƙawaye ne na musayar kwano: mu kai mata naman Sallah, ta kawo mana shinkafar Kirsimeti.

“Alhaji, ajiye wayar nan, kada ka tayar da bawan Allah a banza. Dila ne. Na gan shi ta taga yana haƙa kamar an ba shi kwangila.”

“Likita, dila ne ya kawo gashin mutum gidana?”

 Anti Ladi ta daina dariya. Ta bi gashin da ido, daga ciyawa zuwa igiya, sannan ta ɗago ta tsayar da idon a kan ɗankwalin Umma.

“Maman Jidda, buɗe mini ƙofar gaba. Ina zuwa.”

A kicin aka yi zaman. Anti Ladi ta ce Umma ta cire ɗankwali, Umma ta ce ba komai fa, canjin ruwa ne, Anti ta ce ita ma ruwan take sha. Da Umma ta zame ɗankwalin, Abba yana bakin ƙofa. Ban taɓa ganin babban mutum ya ƙanƙance haka ba. Ya nemi kujera bai samu ba, sai ya zauna a kan buhun shinkafa.  Can ya ce, a hankali, wa ya yi mata wannan. Har yanzu boka yake nema. Sai Anti ta tambayi Umma yadda barcinta yake, da yadda safiyarta take, da abin da ke faruwa a wurin aiki. Umma ta ce alhamdulillahi. Anti ta juyo gare ni.

“Ke, rediyon gida. Yau kuma batir ya ƙare?”

Na kalli Umma, ta sunkuyar da kai, ba ta hana ni ba. Sai na buɗe tashar. Na faɗi na Grace, na faɗi na 'yan matan, na faɗi na ƙofa da tawul. Ban ƙara gishiri ko kaɗan ba, karo na farko a rayuwata, don miyar ba ta buƙata.

Anti Ladi ta ce za a je a gwada jini, don ƙarancin jini ko ciwon maƙoƙo ma suna zubar da gashi, kuma ita ba ta yanke hukunci a kan teburin kicin. Amma ta ce ta san wannan zubar, don ta taɓa ganin irinta a madubinta, a shekarun da take shiga ɗakin marar lafiya da rigar likita a ce mata yaushe likitan zai zo. Sai ta ambaci kotisol, ni kuwa na yi tsalle na ce na san shi, mai gadi ne. Ta ce to, mai gadin Umma ya daina zuwa gida. Wanda kullum yake jiran a wulakanta shi, jikinsa ba ya sanin yaushe aka tashi daga aiki. Da safe babu ƙarfin tashi, da yamma babu saukar hutawa. Jikin kuma idan ya ga yaƙi ba ya ƙarewa, sai ya fara rage hidimar da ba dole ba, gashi yana cikin na farko.

“To ni fa?” in ji Abba. “Kullum sai an zage ni a bas. An ce in koma inda na fito, an tofa wa gilashina yawu. Ga ni garau. Haƙuri ne kawai, Likita.”

“Ƙwayoyin hawan jinin da ke kan firij ɗin nan na waye? Na dila?”

Abba ya kalli firij kamar yau ya fara ganinsa. Amma bai saki ba, ya ce Turawan ai su ma suna gajiya a aiki, ko su jikinsu ba ya fitar da abin? Anti ta ce jiki duk ɗaya ne, Allah bai yi wa kowa sinadari na daban ba. Baturen da aka wulakanta shi ma nasa yana tashi. Bambancin shi ne sau nawa, tun yaushe, kuma ko akwai inda za ka shiga ka ajiye kayan. Ta ce masu bincike sun daɗe suna lura cewa a tsakanin baƙaƙen fata da suka tashi cikin wariya, an fi samun wannan hawa da saukar ta kwana ta daina tafiya yadda ya kamata. Sai Umma ta sa baki.

“Agnieszka ma tana sha. Akwai masu cewa ta koma ƙasarsu. Amma ita sai ta buɗe baki suke ganewa. Ni tun daga bakin titi.”

An yi gwajin jini. Aka ce akwai ɗan ƙaranci, aka ba ta ƙwayoyi, sauran kuma likitan unguwa ya ce damuwa ce, ta rage. Ta rage, kamar gishiri a miya. Anti Ladi ta ce akwai wani asibitin da ke neman masu aiki irin na Umma, nesa ne, sai an canza jirgin ƙasa a hanya, kuma daga ƙasa za ta fara kamar sabuwa, amma ta san shugabar sashen, mutuniyar kirki ce. Na zaci Umma za ta yi guɗa. Ta ce ba za ta je ba. Aka shiga makonni ana abu ɗaya a gidan. Anti ta ce ta kai ƙara, ta kai. Aka ce za a duba, har yau ana dubawa. Na ce ni zan je in cire ƙofar gaba ɗaya in kai wa ɗan Doris gida ya rataya a wuya, Umma ta ce in na kuskura sai ta aske ni mu zama biyu. Duk wanda ya matsa mata, amsarta ɗaya ce: in ta tafi, wa zai tsaya tsakanin tsohuwar nan da baranda, wa zai ba ta abinci?

Abba ne ya ba ni mamaki. Mutumin da haƙuri ne maganinsa na komai, daga ciwon kai har cunkoson mota, shi ya je da kansa ya tattara gashin nan ɗaya bayan ɗaya, ya sake binnewa, ya ɗora bulo a kai. Wata Lahadi ina kitso ya shigo, maimakon ya wuce kamar yadda ya saba, sai ya zauna a ƙasa kusa da ita.

“Hajiya, ni na ce ki yi haƙuri. Shekara nawa ina faɗa. Ban san da jikinki kike biya ba.”

“Abbansu, tsohuwar ba ta da laifi.”

“Ba ta da shi. Amma ita tana da ɗa, tana da gwamnati. Mu kuwa, ke kaɗai gare mu.”

 Na ji wuyan Umma ya yi nauyi a kan gwiwata, na ci gaba da kama abin da ya rage ina kitsawa.

Bayan 'yan kwanaki ta dawo daga aiki da wuri, fuskarta a sake, irin sakin da ke bin dogon zazzaɓi. Ta ce in ɗauko cokali. A gindin na'a-na'a ta ɗaga bulo, ta buɗe wani ƙyalle, sai ga 'yar dunƙulen gashi fari fat, mai laushi kamar auduga. Ta ce yau ta rufe ƙofar. Ta rufe, ta yi wa Doris wanka a tsanake, ta shafa mata mai, ta taje mata kai, tana yi mata waƙar da kakata ke yi mana. An ƙwanƙwasa, ta ce a jira. Da ta gama ta buɗe da kanta, ta wuce ofishin manaja ta ce ta ajiye aiki. Gashin da ya maƙale a matajin kuwa, ta ce hannunta ya ƙi jefa shi a shara. Muka binne shi kusa da nata.

Kada ku zaci daga nan aka buga ganga. Kafin sanyi ya shigo Agnieszka ta kira, ta ce Doris ta rasu. Ta ce tun tafiyar Umma cin abincinta ya ja baya, cokali biyu, uku, sai ta kau da kai tana kallon ƙofa. Anti Ladi ta ce ciwon haka yake ƙarewa, ko da wa ke riƙe da cokalin. Umma ta ce ta sani. Amma na ga ta zauna a kan darduma bayan ta sallame, ta daɗe ba ta tashi ba, kuma har yau in an ambaci sunan sai ta tashi ta sami abin gogewa. Sabon aikin asibitin da Anti Ladi ta samo mata yana da nisa, tana dawowa ƙafafunta a kumbure, waɗanda ba su kai ta sanin aiki ba suna gaba da ita. A can ma an taɓa kiranta da sunan wata. Sai dai tana rufe ƙofa in za ta yi wa mutum wanka, kuma tana barci, har da minshari, ko da yake ta ce sharri nake yi mata. Gashin ya fara dawowa a goshi, ƙanana, tsaye, kamar ciyawar farkon damina. Tsakiyar kan bai cike ba. Wataƙila ba zai cike ba.

Yanzu dokar gidanmu ta ƙaru. Ba a binne gashi sai an duba shi. In na gama nata, sai mu yi musaya, ni in zauna a darduma ita ta hau kujera. Lahadin da ta wuce ta taje ni, ta ciro abin da ke cikin matajin, ta dunƙule, ta ɗora a tafin hannu tana jinjinawa. Ni ban gaya wa kowa ba cewa a kantin kayan kwalliya na kusa da tasha akwai mai gadin da ke bina layi-layi duk ranar da na shiga, har na fara tunanin in ba shi kwando ya riƙe mini. Ban gaya wa kowa ba cewa na daina sa hannu a aljihu a cikin kanti, ko ana sanyin da zai tsinke yatsu. Na riga na mayar da shi abin dariya a raina, na ajiye don in ba ku.

“Wannan ya fi na wancan makon,” in ji Umma.

“Canjin ruwa ne.”

Ta kama kunnena, ba da zafi ba, ta juyo da fuskata har muka haɗa ido.

“Ni za ki gaya wa ruwa? Ajiye cokalin nan. Ba za a binne ba sai kin faɗa mini wa ya taɓa ki.”